Daga tsige Balarabe Musa zuwa yau

Duk dattijon da ya yi zaɓen 1979 a Gubuchi ko Ikara ko Kudan ya san yadda ƙuri'a ta rabu biyu a tsohuwar Jihar Kaduna, tun Katsina na cikinta. Talakawa suka ba Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna, ya kayar da Lawal Kaita na NPN, amma NPN ɗin ta kwashe kujeru 64 cikin 99 na majalisar dokoki. Tun ranar rantsuwa, 1 ga Oktoba, aka san zaman doya da manja za a yi.

Gwamna ya soke haraji da jangali. Manomin rake a Maƙarfi da Bafulatanin da ke ɓoye shanu idan masu ƙirga sun taho, su suka san nauyin da aka sauke musu. Hakimai da dagatai kuwa suka ga an taɓa musu tuwo. Majalisa ta rama ta inda take da iko: sau da dama yana aika sunayen kwamishinoni tana mayar masa, shi kuma ya ƙi raba muƙamai da NPN. Haka ya yi mulki kusan wata 21 ba kwamishina ko ɗaya. Daga nan aka jero masa tuhume-tuhume na saɓa wa tsarin mulki, wasunsu ma rashin kwamishinonin ne ya haife su. Ranar 23 ga Yuni 1981, ƙarƙashin kakaki Mamman Abubakar Ɗanmusa, aka tsige shi, gwamna na farko da hakan ta faɗa wa a Najeriya. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau.

Abin da ke ci mini rai shi ne dokar kanta. Sashe na 170 na tsarin mulkin 1979 ya bar wa kakaki naɗa kwamitin bincike, ya kuma toshe ƙofar kotu. Masu ƙara su ne masu yanke hukunci. Balarabe ya je kotu, aka ce ba hurumi.

Tsarin 1999 ya mayar da naɗin kwamitin hannun babban jojin jiha, amma gyaran bai hana ɓarna ba. A 2002 majalisar wakilai ta Ghali Umar Na'Abba ta yi wa shugaban ƙasa Obasanjo barazanar tsigewa, magana ta mutu a sulhu. A 2006 aka fatattaki gwamnoni uku, Ladoja a Oyo, Peter Obi a Anambra da Dariye a Filato, wasu da 'yan majalisa tsiraru. A nan ne kotuna suka farka: suka ce dole a cika ƙa'ida da adadin kashi biyu bisa uku, suka mayar da duka ukun kan kujerunsu.

Balarabe bai sami wannan gata ba. Ya rasu a Kaduna ranar 11 ga Nuwamba 2020, kuma tun bayan tsige shi majalisar jihar ba ta sake tsige gwamna ba.