Injinan jiragen yaƙin da suka ratsa Kano, da littattafan gyaransu

A Ingila da Amurka akwai masu tara tsofaffin injinan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu tare da littattafan gyaransu, su wanke, su harhaɗa, har su tayar da su a gaban jama'a. Daga nesa abin kan yi kama da sha'awar masu hannu da shuni. Amma wani yanki na tarihin da suke adanawa a Kano aka yi shi.

Jiragen sama na farko da suka iso Najeriya sun sauka a Kano. A watan Nuwamban 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na rundunar sojin saman Birtaniya suka taso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka dira a filin sukuwa. Bayan shekara 15, da yaƙi ya sa bi ta tekun Bahar Rum ya zama kasada, Birtaniya ta buɗe wata hanyar. Ana kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi da ke Gana ta yau, a haɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Khartum har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, kuma zuwa 1943 jirage sama da 5,000 sun bi hanyar.

Injina biyu aka fi sani a farkon tafiyar. Jirgin Hurricane na ɗauke da Merlin na kamfanin Rolls-Royce, mai silinda 12, wanda ruwa ke sanyaya shi. Blenheim, wanda kan ja gaban ayari, yana da Bristol Mercury guda biyu, kowanne mai silinda tara a jere kamar da'ira, iska ke sanyaya su. Babban abokin gabansu ƙura ce. Tana shiga ta ci silinda a hankali, shi ya sa aka ƙara wa jiragen babbar matatar iska a ƙasan hanci, duk da haka da yawa sai an yi musu garambawul da isarsu Masar. Duk bakaniken da ke gyaran injin ban ruwa a gonakin rani na Kura da Bunkure, inda ruwan dam ɗin Tiga ke kaiwa, ya san wannan ciwo da idonsa, ko da bai taɓa ganin cikin jirgi ba.

A wurin masu tarawa, takarda ce ke raba kayan tarihi da tarkace. Littafin gyara ke faɗin gwajin kowane ƙarfe da ƙarfin ɗaurin kowane noti, kundin injin kuma ke nuna awa nawa ya yi yana aiki da ranar da aka buɗe shi. Injin da ya rabu da takardunsa ya rasa asalinsa, a nan gida kuwa makomarsa sikelin 'yan gwangwan, a auna a biya kuɗin kilo.

Mai son ganin irin waɗannan injina yau sai ya nufi gidan tarihin sojin sama da ke Hendon a Landan. Jiragen MiG na Tarayyar Sobiyat ma ta filin jirgin Kano suka shigo a Agustan 1967, lokacin yaƙin basasa, amma a Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia, jihar Abiya, ake kallon irinsu.

Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta fi karkata ga kayan tono da aikin hannun gargajiya, musamman wanda aka yi kafin 1918. Injin da aka ƙera a Ingila a 1940, ya yi aikinsa a sararin Kano, bai shiga wannan ma'auni kai-tsaye ba.