Tarihin Darbejiya a Ƙasar Kankiya da Kusada

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma akwai wani baƙo da ya ƙaryata wannan magana, watau itacen darbejiya, wanda waɗansu ke kira dogon yaro.

Asalinsa daga ƙasar Indiya ne. A zamanin Gwamna Guggisberg, tsakanin 1919 da 1927, aka kawo irinsa Gwalkwas, wadda a ke kira Gana yanzu. Daga can aka kai shi lardin Barno cikin shekarar 1928. Da aka ga ya karɓi ƙasar, sai ma'aikatan gandun daji na En'e suka shiga renon dashensa, suna rabawa garuruwa. Ta haka ya iso lardin Katsina, aka daddasa shi a kasuwanni da makarantu da bakin hanyar Kano, wadda ta ratsa ta Kankiya, har ya kai Kusada da ƙauyukanta.

Abin da ya sa ya sami karɓuwa shi ne halinsa cikin shekara. Da hunturu, sa'ad da kuka ke tsaye tsirara, shi ganye kaɗan ya ke zubarwa. Da bazara ta ƙarato sai ya yi toho ja-ja, ya fid da ƙananan furanni farare masu ƙanshi, zuma ta yi ta kai da kawowa. Lokacin da rana ta fi zafi, a lokacin inuwarsa ta ke cika. Sa'an nan 'ya'yansa su nuna su yi rawaya, jemagu da tsuntsaye su sha su yar da ƙwallon, damina ta tsirar da shi inda ba wanda ya shuka.

Jama'a kuwa suka gano amfaninsa. Ana dafa ganyensa don zazzaɓi, ana sa shi cikin rumbu saboda ƙwari, ana yin asawaki da reshensa.

Waɗanda suka dasa na farko sun yi ta ɗauko ruwa daga rijiya da rani, suna yi musu shinge saboda awaki. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu ne ke cin kasuwa a inuwar. Saboda haka wanda ya sare ɗaya domin makamashi, bashi ne ya ci, ba ya biyuwa sai da dasa wani.