Isawa: Ranar da Sunan Annabi Isa Ya Zama Maganar Mulki

Jama'ar Bazaga, yau Kano muka nufa. Zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, an yi wani Malam Ibrahim da ke fifita Annabi Isa cikin wa'azinsa, kuma da Alƙur'ani yake kafa hujja. Fada ta ga abin ya wuce karatu, ya fara taɓa sarauta, sai aka tsire shi a kasuwar Kurmi. Almajiransa, Isawa, suka gudu wajajen Ningi, ƙasar da ta ƙi bin Kano. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Likita Miller, ɗan mishan, a Zariya, daga baya suka shiga Kiristanci. To mu lura: duk ranar da fada da malami suka ja a kan sunan annabi, mabiya ne ke ɗaukar kayan hijira.