Takari a Gefen Hoton Madina



Tarihin hotunan Madina ya faro ne a 1861, lokacin da wani hafsan sojan Masar, Muhammad Sadik Bey, ya ɗauki hoton birnin. Abin da ya fi jan hankalinsa, shi da waɗanda suka biyo baya, shi ne Masallacin Annabi (SAW) da ganuwa da ƙofofinta. 'Yan dako da 'yan ga-ruwa sai dai a tsince su a gefe, babu suna.

Alhali kakanninmu na cikin masu wannan aiki. Bature Burckhardt, wanda ya zaga Hijaz a 1814 zuwa 1815, ya rubuta yadda Takari ke dako da sayar da itace don haɗa guzuri. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a da yawa suka nausa gabas, wasunsu har Madina. A 1908 jirgin ƙasa ya iso daga Dimashƙa zuwa tashar Ambariyya, birni ya cika, aikin ƙarfi ya ƙaru. Daga baya faɗaɗa Masallaci, musamman a zamanin Sarki Fahad, ta haɗiye tsofaffin unguwanni.

Sai a kwanan nan masu fasaha suka waiwayi irin waɗannan mutane. Mahmud Tarawri ya rubuta littafin Maimuna kan zuriyar alhazan Afirka a Hijaz. Adil Kuraishi kuma ya ɗauki hotunan tsofaffin Agawat, masu hidimar Masallacin Annabi 'yan asalin Habasha, kowane da sunansa, aka baje su a Landan a 2015.

Mu fa? Tsirenmu ya shiga abincin Hijaz da sunan "siriyya", amma fuskar mai gashin ta ɓace. A aikina na likita ina duba dattawanmu, bayansu ya ranƙwafe, gwiwa ta cinye saboda shekarun ɗaukar kaya. Tarihin yana jikinsu, kuma da su za a binne shi.

Shi ya sa nake roƙon ƙungiyarmu ta tattara tsofaffin hotunan da ke cikin akwatunanmu, a rubuta sunan kowa da garinsu da sana'arsa, tun masu gane fuskokin suna raye.

Allah ya jiƙan magabata, amin.