Kwana bakwai kafin takobi

Idan aka tambayi mutum wa ya ɗauki takobin kokowa a Agadas a ƙarshen shekarar 2023, ko yaro zai ce Isaka Isaka na Doso. Takobinsa na shida ke nan. Amma a tambaye shi abin da ya faru a kwanakin farko na wannan taro, sai ya yi shiru. Kowa ranar ƙarshe ya ke tunawa, ranar doki da rawani. Ni kuwa yau zancen kwana bakwai na farko zan yi muku, kwanakin da jaha ke kamawa da jaha. A ganina can ne kokowar ƙasa ta ke.

Mu fara daga gida. Kokowa ba gwamnati ta kawo ta ba. Tun kakanninmu, in an gama yankan gero, an cika rumbu, samari sun ƙoshi, sai a ji ganga. Samarin wannan gari su tafi wancan gari. A share fili, a yi da'ira, makaɗa su wasa gwani, shi kuma ya fito da layunsa yana kirari. Wanda ya yi kaye ya samu goro da kuɗi da tafin ƴan mata. Wanda aka kayar ya kakkaɓe ƙura, ya jira wata kaka. Haka a ke yi a nan ƙasar Muniyo, haka a ke yi a Gobir da Adar da Arewa.

Sai dai a lokacin sunan gwani ba ya nisa. Iyakarsa inda ƙafa da jaki za su kai. Dattawan da ke zuwa ajinmu na yaƙi da jahilci sun faɗa mini cewa mutum ya kan gagara a Gure da Kelle da Bune, ya tsufa ya mutu, ba a taɓa jin sunansa a Maraɗi ba. Kowane gari yana cewa nasa ne gwanin duniya. Ba mai iya ƙaryata shi, don ba inda za a haɗu a gwada.

A ranar 15 ga watan Afrilu 1974 sojoji suka karɓi mulki, Saini Kunce ya zama shugaba. Ƙasa ta fito daga babban fari. Dabbobi sun ƙare, mutane sun watse neman abinci. Sabuwar hukuma ta nemi abin da zai haɗa kan jama'a. Ta farfaɗo da samariya, ta kuma duba wasan da kowace ƙabila ta sani: Bahaushe ya san kokowa, Bazabarme ya san ta, Babarbare ya san ta. A shekarar 1975 aka tara ƴan kokowar jahohi a Tawa. Wannan ne karo na farko. Yakuba Ango na Maraɗi, wanda a ke ce wa Kantu, shi ya zama sarki.

A lokacin jahohi bakwai ne: Agadas, Damagaram, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa da Yamai. A ƙarshen shekarun 1980 aka ware birnin Yamai daban, Tilaberi ta zama jaha, suka zama takwas. Taron kuwa ba a gari ɗaya a ke yinsa ba. Yawo ya ke yi, bana a wannan babban gari, baɗi a wancan. Don haka aka gina filayen kokowa, kuma wasu suna ɗauke da sunayen mazan farko. Na Maraɗi sunan Kantu ne. Na Doso sunan Salma Ɗan Rani. Namu na Damagaram sunan Langa-Langa. Daga 1975 zuwa 2023 shekara 49 ne, amma taron Agadas shi ne na 44. Watau akwai shekarun da aka tsallake. A ƙarshen 2020 ma, lokacin annobar korona, ba a yi ba.

To, yaya tsarin ya ke? A nan ina so ku ɗauko alli da allo, don lissafi ne mai daɗi. Na ba ɗalibaina shi ran nan, har aka yi gardama.

Kowace jaha tana kawo maza 10. Jaha 8 sau 10, maza 80 ke nan. Dole kowace jaha ta kama da sauran bakwai ɗin, ba wadda za ta gudu wa wata. Wani ɗalibi ya ce 8 sau 7, karawa 56. Wata tsohuwa a bayan aji ta ce a'a: idan Damagaram ta kama da Tawa, ai Tawa ma ta kama da Damagaram, kada a ƙirga sau biyu. Ita ce da gaskiya. A raba 56 gida biyu, karawa 28. Ana yin huɗu kowace rana, biyu da safe, biyu da yamma. Kwana bakwai cif. A kowace karawa kuma maza goma ne ke kamawa da maza goma. Idan kowa ya fito, kokowa 280 ke nan kafin a zo zancen takobi.

Ƙuri'a ce ke haɗa mutum da abokin kamunsa. Ba ka zaɓa. Ƙaramin yaro da ya zo karon farko yana iya faɗawa hannun sarkin bara tun ranar farko.

Ga dokar da ta fi kowace zafi: wanda ya faɗi sau ɗaya, takobin bana ya wuce shi. Ko da tsohon sarki ne, ko da ƙafarsa ce ta zame a kan yashi. Sai waɗanda suka yi kwana bakwai ba su sha ƙasa ba su ke wucewa gaba, su kama da junansu har a rage biyu. Amma wanda ya faɗi ba ya naɗe tabarma ya koma gida. Gobe da safe zai sake ɗaura walki ya shiga fili, don jaharsa tana bukatar kayensa. Ana ƙirga nasarorin jahohi, a ƙarshe a jera su daga ta ɗaya har ta takwas.

Ku tsaya ku duba wannan mutum da ya faɗi ranar farko. Shi ne mafi haɗari a fili. Ba shi da sauran abin da zai rasa. Wanda bai faɗi ba kuwa tafe ya ke kamar mai ɗauke da ƙwai a ka, yana tsoron kai hannu, yana ja da baya, har alƙali ya yi masa gargaɗi. Shi faɗaɗɗen sai ya afka masa da zuciya ɗaya. In ya kayar da shi, ya share wa ƴan jaharsa da suka rage hanya, ya kuma wanke kunyarsa. Manyan maza da yawa a hannun irin waɗannan suka bar takobi, ba a hannun takwarorinsu ba. Shi ya sa kowace yamma abin da a ke tambaya a bakin kasuwar Gure ɗaya ne: saura nawa namu? Ranar farko goma. Kwana uku sai ka ji saura huɗu. Wata shekara kafin kwana na bakwai sai ka ji ba ko ɗaya, gari ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

Wannan dabara ta kowa ya kama da kowa ba mu kaɗai mu ke da ita ba. Akwai wani wasa da Turawan Ingila suka ƙago, ana ce masa kurket. Mu nan ba mu san shi ba, don Faransa ce ta mulke mu, amma ya shiga wasu makarantun Najeriya. Mutum 11 ne a kowane gefe. Ɗaya ya jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, ɗaya ya make ta da katako ya ruga. Babban wasa ɗaya ya kan ci kwana huɗu, wani lokaci ma a tashi ba wanda ya ci. A Ingila gundumomi suna gasarsu ta hukuma tun 1890. A Indiya an fara gasar jahohi, mai suna Ranji, a 1934. Da ya ke ƙungiyoyinsu sun haura 30, ba za su iya kamawa duka da juna ba. Sai a kasa su rukuni-rukuni, kowa ya kara da ƴan rukuninsa, ana tara maki, na sama su wuce gaba.

Bambancin shi ne su can akwai afuwa. Ƙungiya tana iya shan kashi a wasan farko, ta farfaɗo, ta tara maki, ta zo ta ɗauki kofi. Mu a nan jaha ce kawai ke da afuwa, mutum ba shi da ita. Na sha jin masu cewa a sassauta, a bar wanda ya faɗi sau ɗaya ya ci gaba da neman takobi. Ni ban yarda ba. Takobin da aka ba wanda aka gani a ƙasa shekaranjiya, wane makaɗi ne zai wasa shi da baki cike? Amma akwai abin da ke damuna a cikin tsananin dokar nan. Idan kaye ɗaya ya yi tsada haka, ba a rasa mai son saye. Kowace shekara sai ka ji ana raɗe-raɗin cewa wane ya kwanta da gangan. Ko gaskiya ne ko ƙarya, zancen kansa yana ɓata kokowa, kuma a kwanakin farko ya fi yawa, lokacin da faɗaɗɗe ke haɗuwa da wanda bai faɗi ba.

Abin da kwana bakwai ɗin nan suka yi wa ƙasa ba ƙarami ba ne. Da a ce daga ranar farko wanda ya faɗi ya tafi, da rabin maza sun koma gida kafin a san sunansu. Da ɗan Difa ba zai taɓa riƙe ɗan Tilaberi ba, alhali tsakaninsu tafiyar fiye da kilomita dubu ce. Yanzu kuwa dole ne kowace shekara su haɗu. Gidan rediyon ƙasa, Muryar Sahel, ya kai sunayen har rugage da kwaruruka. Daga baya talabijin ta zo, yau kuma ga wayar hannu. Manomin Gidigir da bai taɓa wuce Damagaram ba ya san Kadade na Tawa kamar maƙwabcinsa. Da Tasi'u Sani ya kawo wa Damagaram takobi, an yi guɗa a nan Gure kamar ɗan gidanmu ne.

Maza goman da ke tsaya wa jaharmu kuwa ba daga sama su ke faɗowa ba. Tankaɗe a ke yi tun daga ƙasa. A kama a ƙauye, a kama a gunduma, sannan waɗanda suka tsira su tafi Damagaram su haɗu da na Magarya da Matamai da Mirya da Tanut da sauransu. A cikin wannan taro duka a ke tsamo goma. Yaron da kuka gani yana kayar da sa'o'insa a gefen masussuka bayan kaka, hanyarsa ke nan: daga nan zuwa Gure, daga Gure zuwa filin Langa-Langa. In Allah ya sa ya shiga cikin goman, to, akwai maza bakwai daga jahohi bakwai suna jiransa, ɗaya kowace rana.