Sojan Amurka a Ƙasar Hausa Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu

Duk wanda ya karantar da tarihin Yauri ya san irin dogaron da muke yi da rubuce-rubucen baƙi. Alal misali, yawancin abin da ake kawowa game da Birnin Yauri na 1830 daga bakin Richard Lander da ƙanensa John ya fito, waɗanda suka zo neman takardun Mungo Park. Wannan ne ya sa nake son malamai su dubi wasu baƙin na daban, wato sojan Amurka da yaƙi ya kawo ƙasar Hausa, mu ga da wane ido suka kalle mu.

Asalin zuwansu shi ne hanyar jiragen sama. Tun daga 1940 Turawan Ingila suke harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, su bi da su ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fallomi da Hartum har Alƙahira, domin tekun Bahar Rum ya zama mai haɗari. A 1941 kamfanin Pan American ya shigo aikin, sa'annan a ƙarshen 1942 rundunar sojan Amurka ta karɓe shi, hedkwatarta tana Akra. Daga nan Kano ta zama zango a kan doguwar hanyar da ta taso daga Amurka, ta bi ta Brazil, ta dangana da Indiya da Sin. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ne ke kan gado, mu kuwa a Yauri zamanin Sarki Abdullahi ɗan Jibrilu ne.

To, me waɗannan samari suka sani game da Afirka kafin su iso? A ganina abubuwa uku suka ɗauko. Na farko majigi, musamman finafinan Tarzan na shekarun 1930, waɗanda suka nuna Afirka kurmi ce zalla da namun dawa. Wanda ya zo da wannan a ransa, sai ya tarar da birni mai ganuwa da ƙofofi, da kasuwar Kurmi, da marina, da alƙalai masu yanke hukunci daga littafi, dole kansa ya ɗaure. Na biyu ƙananan littattafan aljihu da ma'aikatar yaƙinsu ta riƙa bugawa; na Afirka ta Yamma ya fito a 1943. Waɗanda aka rubuta domin ƙasashen Musulmi, kamar na Iraƙi, sun gargaɗi soja kada ya shiga masallaci, kada ya kula mata, kuma ya ci abinci da hannun dama. Gargaɗin ba laifi, amma manufarsa kada soja ya jawo rikici ne, ba don ya fahimci mutane ba. Na uku, wanda ya fi nauyi, wariyar launin fata ce. Rundunar Amurka a lokacin a rabe take, farare daban, baƙaƙe daban, kuma sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umurnin a kawar da haka. Mutumin da bai yarda ya ci abinci tebur ɗaya da baƙin ƙasarsa ba, da wuya ya kalli Bakano a matsayin tsararsa.

Sai dai kada mu yi musu kuɗin goro. Baƙon ido wani lokaci yakan hango abin da mai mulki ya saba da shi har ya daina gani. Shugaba Roosevelt da kansa ya yada zango a Bathurst, wato Banjul ta yau, cikin Janairu 1943, kuma talaucin da ya gani ya sa ya riƙa sukar mulkin mallakar Ingila daga baya.

Mu a Yauri ba mu shiga wannan hoto ba. Miƙaƙƙen layi daga Akra zuwa Kano yana tsallake Kwara ne kudu da mu, wajen Jebba, kuma matuƙin da ke sama ruwa kawai yake gani. Gungayen da Gungawa suka zauna a kai, waɗanda tafkin Kainji ya shanye bayan kammala madatsar a 1968, da kasuwar Yelwa, da gonakin Ngaski da Shanga, duk suna nan a lokacin, jirgi dai bai sauka ba.

Inda mutanenmu na Arewa suka haɗu da Amurkawa ido da ido, har da Bama. A 1944 bataliyoyi uku na sojan Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, sun shiga rundunar Chindit ta Janar Wingate, aka sauke su da jirage a bayan sansanonin Japan, kuma matuƙan Amurka ne ke kwashe masu rauni da ƙananan jirage. Ina yaro na zauna gaban tsofaffin sojan Bama, na ji suna ba da labarin Indiya: shanu na yawo a kasuwa ba mai taɓawa, ana ƙone gawa, ga damina wadda ba ta ɗaukewa. Su ma daga bariki da tagar jirgin ƙasa suka hango ƙasar, suka yanke mata hukunci a kan abin da suka tashi da shi a gida. Mu yara muka riƙa dariya, muna cewa Indiyawa ba su da wayo, kuma sai da na girma na karanta tarihinsu na daina faɗin haka.