Jami'ar da Ta Yi Barcin Shekara 18

A 1980 Shugaba Shehu Shagari ya kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Afolabi Ojo, ya tsara wa Najeriya jami'ar karatu daga gida. Ingila ta riga ta buɗe irinta, inda ɗalibai suka fara ɗaukar darasi ta tashar BBC a 1971.

Kwamitin ya jingina shirinsa ga rediyo da talabijin da gidan waya. Da abin ya ɗore, malamin firamare a Zakirai, hedikwatar Gabasawa, zai yi digiri ba tare da ya bar ajinsa ko gonarsa ya tare a Kano ko Zariya ba.

An sa hannu kan dokar jami'ar a 1983. A 1984, lokacin tsuke bakin aljihu, gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita. Sai a 2002 Obasanjo ya farfaɗo da ita, wato NOUN, da intanet cikin kayan koyarwarta.

Kwamiti na iya zaɓar na'ura, amma kuɗi da wutar lantarki suna hannun gwamnati. Waɗanda suka jira tun 1984, da yawansu furfura ta riga digirin isowa.